Ranar da Ban Fito Ƙofa Ba

A layinmu, cikin garin Ashington, kowa ya san gidan Anti Glenys. Ta ƙofar baya ake zuwa a ƙwanƙwasa, ta miƙo sigarin fasa-ƙwauri mai araha. A can babana yake saye. Ya ƙare ƙuruciyarsa a ramin haƙar kwal, yanzu da tukunyar iskar asibiti yake numfashi.

"Baba, likita fa ya ce ka daina."

"Likitan ne ya haife ni? Miƙo min ashana, Keeley."

Ma'aikatan lafiya na yankinmu suka haɗa kai da 'yan sanda da 'yan kwastan, suka bi gida-gida suna raba takarda mai lambar wayar da za a kira a tona masu sayar da sigarin fasa-ƙwauri. An rubuta ba za a tambayi sunan wanda ya kira ba. Takardar ta yi sati biyu a aljihuna. Ranar da na ga jini a hankicin Baba, na tafi tashar bas na kira. Sai da matar da ta ɗauki wayar ta sa na maimaita lambar gidan Anti Glenys.

Ranar Talata da hantsi 'yan sanda suka zo da kare mai shinshina. Suka yi ta fito da kwalayen sigari daga ƙarƙashin matakalar Anti Glenys.

Mu kuwa muna da wata al'ada. In hukuma ta shigo layi, kowa sai ya tsaya a ƙofar gidansa, ya harɗe hannu, ya zuba musu ido. Ko ba kwa shiri da wanda aka zo wa, sai ka fito. Har Baba ya lallaɓa ya fita yana haki. Ni na kasa. Na tsaya a bayan labule. A duk layin, ni kaɗai ce ba a gani ba.

Washegari na tarar da Anti Glenys a shagon soyayyen kifi, matan layi sun kewaye ta.

"A'a, Keeley 'yar albarka! Jiya ba mu gan ki ba."

"Kaina ne ya yi ciwo, Anti."

"Allah sarki. Da bakinki ya yi aiki ai dole kai ya sara." Matan suka kwashe da dariya, ita ba ta yi ba. "Da uwarki ta rasu, a gadona kika kwana sati guda. Kin tuna?"

Na fito ban sayi kifin ba.

Baba bai yi min faɗa ba, bai ma tambaye ni ba. An manna sanarwa a asibitin unguwa ana gode wa jama'a da suka ba da haɗin kai. Tun ranar ba wanda ya amsa gaisuwata.

Ranar Juma'a na ga Baba yana saka rigar sanyinsa. Wai akwai wani gida da ake sayar da irin sigarin a wata unguwa, sai an hau bas biyu. Ana yayyafi, ga tari ya hana shi ɗaura igiyar takalmi. Na durƙusa na ɗaura masa.

"Baba, bari in raka ka."

Ya dube ni.

"Yi zamanki. Kada ki ga gidan."