Sadakar Ruwan Ɗanmusa

Inna Hure ta nutse cikin taɓo har idon sawu tana tsintar dashen albasarta, duk ya tuge, saiwa na kallon sama. Karo na biyu ke nan tun da rani ya kama. Dashen da ya rage mata fangali ɗaya ne tak. In shi ma ya bi ruwa, to bana ita da albasa sai dai ta gan ta a kasuwar Gummi ta wuce.

Lambunta ne a bakin gulbi, na Ɗanmusa yana bayansa. Tun mijinta na da rai hanyar ruwa ɗaya suke bi. A ɗebo da jigo, guga bayan guga, ruwa ya gangara a hankali, ta buɗe wa wannan fangali da fartanya, ya sha, ta toshe, ta buɗe wa na gaba, abin da ya saura ya wuce wa maƙwabci. Sai aka yi zaɓe. Ɗanmusa ya yi wa jam'iyya ihu har murya ta dushe, aka saka masa da injin ban ruwa. To, tiyon injin gajere ne, ko rabin hanya bai kai ba. Shi ne gogan ya girke inji gindin jigonta, ya saki bakin tiyo cikin 'yar hanyar da aka haƙa don guga, ruwa ya fi ƙarfinta, ya ɓalle ya malale lambun Inna Hure.

"Kai Ɗanmusa! Kashe wanga abu!"

Ya taho yana gyara hula, baki har kunne. "Inna, kin ga alheri? Jiya ma a masallaci na faɗi, gwauruwar nan ta huta da jan jigo, ni ka ba ta ruwa sadaka."

"Sadakar uwaka. Dubi nan. Wanga ban ruwa na ko wankan gawa?"

"Haba Inna. Wasu na roƙon ruwa, ke kina zagin mai ba ki?"

Ta ƙulle matattun dashen a bakin zane, ta nufi ƙofar Sarkin Noma Namadi da taɓonta.

Ta iske zaure cike. Sarkin Noma na bisa buzu cikin farar riga mai sabon bugu, wai za shi Gummi gaisuwa. Wannan Namadi kuwa ita ta goya shi ranar da uwarsa ta tafi biki Gwashi, har ya tsula mata fitsari a baya. Yau shi ne ake faɗuwa gaba gare shi. Ta durƙusa dai, don gwiwa ba ta ƙi hutu ba, ta zazzage dashen a gabansa ta faɗi abin da ke tafe da ita. Kafin ta gama Ɗanmusa ya iso.

"Tsaya, Inna," in ji Sarkin Noma. "Hana miki ruwa ya yi?"

"Bai hana ba, ranka shi daɗe."

"Kuɗin mai ya nema?"

"A'a."

"To mi kika kawo ƙara?"

"Ya ba ni ruwa."

Zaure ya kwashe da dariya. Wani dattijo ya ce shi tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa jin an kai ƙarar ruwa da rani ba. Wani ya ce tsufa ne, a yi mata uzuri. Ɗanmusa ya sunkuyar da kai irin na bawan Allahn da aka zalunta.

Sarkin Noma ya yi dariya har ta sarƙe shi, ya kama tari yana nuna tulun da ke kusurwa. "Ruwa... ku ba ni ruwa."

Inna Hure ce ta fi kusa. Ta miƙe, ta tsallake moɗa, ta rungumo tulun ɗungurungum. Mutane suka zaci ladabi ne. Ta tsaya a kansa ta juye.

Rawani ya zame ya rufe masa ido ɗaya. Farar riga ta manne a ciki, buzu ya yi iyo. Babu wanda ya yi motsi.

"Ka ƙoshi, Namadi?" ta ce. "Ka gode mini mana. Sadaka ta."

"Ke! Tsohuwar nan!" Ya tashi yana ɗiga. "Wallahi ba don kin goye ni ba... To ku shaida! Tunda butulci gare ta, daga yau ruwan injin Ɗanmusa ko ɗigo kada shi taɓa ƙasar lambunta. Ta koma ga jigonta har ƙugu shi tsinke. Wanda duk ya saɓa, ni da shi!"

"Mun shaida!" Ɗanmusa ya fi kowa ɗaga murya. "Allah shi ƙara ma sarki adalci!"

Inna Hure ta tattara matattun dashenta ta fita, ko kallonsu ba ta yi ba.

Da la'asar tana bakin gulbi. Ta gyara gefen hanyar da ya ɓalle, ta ƙara wa curin lakar da ke gindin jigo nauyi, ta ja igiya. Guga ya nutse, ya taso, ta juye. Ruwa ya kama hanya yana tafiya kamar mai jin kunya, ya shiga sabon fangalin da ta dasa, bai kwantar da ko ganye ɗaya ba. Ƙugu na ciwo, ai dama bai taɓa dainawa ba.

Can bayanta Ɗanmusa na ta fama da tiyo. Ya ja shi ta gabas, ya ƙare a tsakiyar lambunta. Ya ja shi ta yamma, haka. Ya tsaya ya dubi tumatirinsa da ya fara langaɓewa, ya dubi inji, ya dubi tsohuwa. Ya cire hula ya matso.

"Inna... an wuni lafiya? Na ce ba, ko da dare-dare ne, in ba mai gani..."

Ta juye guga, ta bi ruwan da ido sai da ya kai ƙarshen fangali, sannan ta sa fartanya ta toshe.

"Ai kai ka fara shaidawa, ɗan nan," ta ce. "Ni wa ce da zan saɓa ma sarki?"

Ta sake jan igiya.