Wankan Jegon Balki

A unguwar Birni ta Damagaram, in ana maganar ƙamshi, gidan Ya Fanta ake fara ambata. Babarbariya ce, da goyo aka kawo ta daga Barno, kuma duk amaryar da za a kai ɗaki a unguwar sai an zo wurinta neman humra da turaren wuta. Mijinta ya rasu ya bar mata ɗa guda, Kyari, direban kamiyo, babbar motar kaya, mai kwaso gyaɗa daga ƙauyuka.

A ƙauyen Gaffati Kyari ya ga Balki. Tana zaune a gindin rumbu tana saƙar faifai, ya tsaya ya tambayi kuɗinsa, ta ce masa ba ta gama ba, kuma ya matsa ya tare mata haske. Abin ya ba shi dariya, ya dawo a mako na gaba, ya sake dawowa. Mutanen ƙauyen sun gaya masa gaskiya: yarinyar ba ta kallon idon mutum, ba ta shiga dandali, in an yi guɗa sai ta toshe kunne, wasu ma na cewa iska ta taɓa ta tun tana ƙarama. Kyari ya ce shi dai ya ji ya gani. Da aka tambayi Balki, ta ce tana so, don shi ba ya magana da ƙarfi.

Ranar da aka kawo ta, Ya Fanta ta fito da humrar da ta daɗe tana ajiya, ta shafa mata a wuya da hannunta. Balki ta yamutsa fuska, ta ce a gaban mata, "Ya, wannan abin yana sara mini kai. A goge." Ya Fanta ta haɗiye maganar, amma ta tsaya mata a rai wata da watanni.

Daga nan ta sa wa surukar tata ido, sai ta lura da sha'anin wankanta. Da safe, in mai ga-ruwa ya juye, Balki kan ɗebi nata a wata ƙwarya da ta zo da ita daga gida, ta ajiye a inuwar katanga. Sai bayan azahar, lokacin da ruwan ya daina sanyi bai kuma yi zafi ba, take shiga makewayi da ɗan tsumma mai laushi. Ba soso, ba sabulun salo, sai wani farin sabulu marar ƙamshi da Kyari ke sayo mata a kanti. Kuma ko ka kasa kunne ba za ka ji ƙarar zubar ruwa ba. Da farko Ya Fanta ta ɗauka zama kawai take yi a ciki. Amma yarinyar takan fito fes, har bayan kunnuwa. Sau ɗaya wata baƙuwa ta ɗauki ƙwaryar ta wanke shinkafa, ranar Balki ba ta yi wanka ba, ba ta ci abinci ba, ta wuni a ƙuryar ɗaki tana kaɗa jiki gaba da baya.

Tana da ciki mahaifiyarta Larai ta rasu, don haka ba a mai da ta Gaffati haihuwa ba. A gidan Ya Fanta ta sauka, cikin daminar shekarar da aka sami mulkin kai, ta haifi 'ya mace. Ungozoma Zainaba ta yi mamakin dauriyarta, don ko uffan ba ta ce ba har aka yanke cibiya.

Sai aka zo wankan jego. An tafasa ruwa a babbar tukunya, an yanko ganyen sabara. Zainaba ta zaunar da ita a kan turmi, ta tsoma ganyen, ta fyaɗa mata a gadon baya kamar yadda ta saba yi wa kowace mai jego. Ihun da Balki ta yi, har zaure aka ji shi. Ta zame daga turmin ta dunƙule a ƙasa, tana bugun kanta da hannu biyu. Da ƙyar aka kai ta ɗaki. Har magariba ba ta yi magana ba, jaririyar na ta tsala kuka ta kasa karɓarta.

Matan unguwa suka cika tsakar gida, kowace da shawararta. Wata ta ce a samo ƙarfafa su danne ta. Wata ta ce mutanen ɓoye ne ba sa son ruwan zafi, a nemo mai magani. Zainaba ta ce, "Ni dai na gaya muku, in ba a gasa ta ba sanyi zai shige ta, ta kumbura. Na ga waɗanda ya kashe." Ya Fanta ma ta ga irinsu, kuma ta yarda da maganar ɗari bisa ɗari. Amma ta kuma ga idon yarinyar lokacin da take ƙasa, ta san ba shagwaɓa ba ce.

Washegari da sassafe, tana iza wuta a gindin tukunya, sai ta ga Balki ta fito ta tsaya a ƙofar makewayi. Babu wanda ya kira ta. Zaninta ɗaure a ƙirji.

"Me ya fito da ke, 'yar nan?"

"Na ji abin da suka ce jiya," in ji Balki, idonta a kan katanga. "In sanyi ya kashe ni, babu mai ba ta nono. A yi. Amma a ɗauke ta a kai ta maƙwabta, kada ta ji ihuna."

Ya Fanta ta ajiye itacen da ke hannunta. Ta daɗe tana kallon yarinyar da ta yi ta ɗauka mai girman kai ce, sannan ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna ɗan nesa da ita, don ta san ba ta son a matse ta.

"Zafin ne ba ki iyawa?"

"A'a. Zafi ina iyawa. Ban san inda zai sauka ba ne. Yana zuwa ta baya, ya warwatsu, kowane ɗigo da nasa wurin, kamar an watsa mini ƙaya. Ga ƙarar ganyen. Ga turarenki a kaina. Duk su zo lokaci guda, sai in rasa inda nake."

Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa yin magana mai tsawon wannan ba.

"To, marigayiya mahaifiyarki yaya take yi miki da kina ƙarama?"

"Tana tsayawa a gabana. Ta faɗi wurin kafin ta taɓa. Sai na ce to. Kuma ta danna da ƙarfi, ba shafa-shafa ba."

Da Zainaba ta iso, Ya Fanta ta tare ta a zaure da goro, ta ba ta haƙuri, ta ce wankan jaririya na nan a hannunta, amma na uwar ita da kanta za ta yi. Zainaba ta taɓe baki ta ce Allah ya sa kada a yi da-na-sani.

Ya Fanta ta shiga ta wanke jikinta tas, ta ɗaura zanin da bai taɓa ganin turare ba. Ta ƙulle ganyen sabarar a cikin tsumman Balki, ta tsoma a ruwan zafi, ta matse, ta tsuguna a gabanta.

"Kafaɗar dama."

Balki ta ja numfashi. "To."

Ya Fanta ta ɗora, ta danna. Tururi ya tashi. Yarinyar ta runtse ido, amma ba ta motsa ba.

"Ƙara ƙarfi, Ya."

Haka suka bi jiki gaba ɗaya, gaɓa bayan gaɓa. Da aka zo baya, Balki da kanta ta ce a kama hannunta a ɗora a wurin tukuna. Ruwan ya huce aka ƙaro wani. Da suka fito rana ta yi sama, kafaɗun Ya Fanta sun ƙage, amma Balki ta zauna ta sha kunun kanwa, ta miƙa hannu ta karɓi 'yarta.

Safe da yamma suka riƙa yi. Ya Fanta ta rufe kwalaben humrarta a cikin adaka, har ƙawayenta na tsokanarta wai ta koma 'yar ƙauye. Ranar bikin mulkin kai gari ya ɗauki kiɗa da harbin bindiga, kowa ya fita kallo, Kyari ma ya kwashi samarin unguwa a kamiyonsa. Ya Fanta ta ce a ɗaga wankan yamma zuwa lokacin da hayaniya za ta lafa. Balki ta girgiza kai, ta ce ɗagawar ta fi kiɗan wuya. Ta cusa auduga a kunne, ta ce a nuna mata wurin da yatsa a madadin faɗa. A haka suka yi shi, cikin shiru, gari na ta rugugi a bayan katanga.

Ba ta kumbura ba. Da aka yi arba'in, Zainaba ta zo ta duba ta sama da ƙasa, ta ce, "To, kin gasu. Ban san yadda aka yi ba, amma kin gasu."

Daga ranar Balki ta karɓi wankan 'yarta. Ya Fanta kan bar abin da take yi ta tsaya kallo. Uwar ba ta waƙa, ba ta cilla jaririya sama, sai dai ta gwada ruwan da gwiwar hannu, ta ce mata a hankali, "Ƙafa," ta ɗan dakata kamar mai jiran amsa, sannan ta tsoma.

Labarin ya zaga unguwa. Wata rana da hantsi maƙwabciyarsu Rabi ta shigo tana jan ɗanta Suma'ila, ɗan shekara huɗu da bai fara magana ba. Kansa ya yi daƙandaƙan da dauɗa. Rabi ta fashe da kuka, ta ce ta gaji da dukansa, kullum wanka sai an danne shi kamar za a yi masa kaciya, kuma ubansa ya fara cewa ita ce ƙazama.

Ya Fanta ta buɗe baki za ta yi bayani, sai ta fasa, ta dubi surukarta.

Balki ta ce, "Sake masa hannu. Ki koma can ki zauna, kada ki yi magana."

Ta zuba ruwa kaɗan a tasa, ta ajiye a ƙasa, ta zauna a gefe ba ta ko kalli yaron ba. Ta tsoma tafin hannunta ta bar shi a ciki. Yaron ya tsaya a jikin katanga yana kaɗa yatsu. Kaji suka zo suka wuce, inuwa ta matsa, Rabi na ta mutsu-mutsu, Ya Fanta ta dafa mata gwiwa.

Can sai Suma'ila ya taho a kaikaice, ya tsuguna a ɗaya gefen tasar, ya sa yatsa guda.

"Ya isa na yau," in ji Balki. "Ki kawo shi gobe war haka."