Rawayar Auta

Ni ba likita ba ce, ɗinki nake yi, amma zama da Auta ya sa na san abin da ake kira antibodi, ko ina so ko ba na so. Ƙanwata ce, tana bincike a kan ƙwaƙwalwa, kuma in ta fara bayani sai abinci ya huce.

Ga yadda ta fahimtar da ni. A ƙwaƙwalwa akwai ƙwayoyin jijiya masu kai saƙo, akwai kuma masu yi musu hidima, su ciyar da su, su share musu wuri. Don a bambance su, sai a yanka ƙwaƙwalwar ɓera siriri, a shimfiɗa a gilashi, a ɗiga antibodi iri biyu. Ɗaya ya manne wa masu saƙo ya haska kore, ɗayan ya manne wa masu hidima ya haska ja. Na ce ashe rini ne. Ta ce ba rini ba ne. Rini ne mana.

A lokacin Baba yana kwance, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Mai gashin ƙashi ya ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya ƙi. Ya ce hannun da ya mutu ba ya bukatar abin wasa. Ni ke juya shi, ni ke masa aski, na yi lallashi na yi faɗa, a banza.

Sai wata rana Auta ta shigo da hoto. Ɓerayenta ma shanyewar jiki aka sa musu. A bakin raunin da ke ƙwaƙwalwarsu, tsakanin kore da ja, ga ɗigo-ɗigon rawaya. Ta ce in kore ya hau kan ja, rawaya ake gani. Wato masu hidima suna komawa masu saƙo, ƙwaƙwalwa tana cike gurbin abin da ta rasa.

Baba ya daɗe yana kallo. Da bakinsa da ya karkace ya ce, "A ɓera?"

"A ɓera, Baba. Tukuna."

"Miƙo mini ƙwallon."

Aka manna hoton a bango, saitin idonsa. Tun daga ranar yake matsawa, safe da yamma, har babban yatsansa ya fara motsi. Duk wanda ya zo dubiya sai an nuna masa rawayar Auta.

Ranar da abin ya lalace ina wurin. Na kai mata mukullin gida da ta manta, na same ta da malamarta a wani ɗan ɗaki mai sanyi, an kashe fitila da rana tsaka, sai hasken allon kwamfuta. Malamar, doguwa mai furfura, ta yaba hoton, sannan ta ce, "Ina ɗan kallo?"

Daga baya na gane. A aikinsu kullum akan ware gilashi ɗaya da ba a ɗiga masa antibodi, su a ɗakin suna ce masa ɗan kallo. Shi ya kamata ya fito baƙi wuluk. Auta ba ta ware ba. Yankan bakin raunin kaɗan ne, ta ga asara ce a bar ɗaya haka nan. Tun tana yarinya haka take, ko ƙyallen da na yar sai ta tsince.

Akwai ragowar yanka ɗaya da ba ta kai ga ɗiga masa komai ba tukuna. Malamar ta ce a ɗora shi. Auta ta ɗora a na'urar ƙara girman gani, ta murɗa, allo ya yi duhu. Babu kore, babu ja. Rawayar kuwa tana nan ɗigo-ɗigo, a inda take.

"Tarkacen ƙwayoyin da suka mutu ne," in ji malamar. "Da kansu suke haskawa. Kowa yakan faɗa wannan ramin sau ɗaya. Ki sake daga farko." Ta dafa kafaɗarta ta fita.

A hanya na ce, "Kada ki gaya wa Baba."

"Yaya, ba gaskiya ba ne."

"Wa ya tambaye ki? Ɓera ne a gidan ko ubanki? Yatsansa yana motsi."

"Matsawar ce ta motsa shi, ba hotona ba."

"To me ya sa shi matsawar?"

Ta ci gaba da tafiyarta. Na ɗauka na ci. Raina a ɓace yake, amma na ɗauka na ci.

Muna shiga ta wuce ɗakinsa ko takalmi ba ta gama cirewa ba. Ta durƙusa ta yi masa bayani tiryan-tiryan, har da ɗan kallo, ba ta rage komai ba. Ta ce har yanzu abin yana iya yiwuwa, ita ce dai ba ta gani ba. Ta ce motsa hannun yana da amfani ko da hoto ko babu.

Baba ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Wato matattu ne ke haske."

"E, Baba."

"Allah ya yi miki albarka. Cire shi."

Ta ɓamɓare hoton, fentin bangon ya biyo shi kaɗan. Ba a yi kuka ba, ba a ɗaga murya ba. Na je na ɗora ruwan wankansa.

Auta ta sake daga farko, yanzu ɗan kallo biyu take warewa. Ban yafe mata ba, ban kuma iya cewa ta yi laifi ba, muna gaisawa. Kullum da safe nakan sa wa Baba ƙwallon a tafin hannu in naɗe yatsunsa a kai. Ba ya musu. In na dawo shara, sai in tsince shi a ƙarƙashin gado.