Yaya Dehai da Rubutun Ruwa

Yayana Qiu Dehai ya ƙare ƙuruciyarsa yana koya wa 'ya'yan mutane tsofaffin maganganunmu na Sinanci masu baƙaƙe huɗu-huɗu. Ya fi ƙaunar masu kalmar tashi a ciki: ta wanda ya tashi sama ya ɗaukaka farat ɗaya, da ta kayan da suka tashi ba fiffike suka yi ɓatan dabo, da ta gidan da ya kacame har kaji na tashi sama. Duk ya san asalinsu. Abin da bai iya ba shi ne ya ce wa mace yana sonta.

Da ya yi ritaya, matarsa kuma ta rasu, sai ya shiga sahun tsofaffin da ke rubutu da ruwa a daɓen lambun unguwarmu a Chengdu, da dogon alƙalami mai soso a baki da ɗan bokiti. Kusa da su mata ke rawar safe, cikinsu har da Tan Yufen, bazawara mai dariya har da buga cinya. Ba a jima ba Yaya ya fara taje kai yana shafa mai.

"Yaya, ka buɗe baki ka gaya mata mana," na ce.

"Ke Lanying, mai ilimi ba ya magana kamar ɗan talla."

Kullum sai ya je daidai inda take ajiye jakarta ya rubuta baƙaƙen da ake yi wa ma'aurata fatan alheri da su. Kafin kiɗa ya tsaya rana ta shanye rubutun. Ran da aka yi lumshi rubutun ya jira ta, sai ga shi ya yi shi da salon nan mai lanƙwashe-lanƙwashe na burge masana.

"Kai, Malam Qiu, ya yi kyau! Me ka rubuta?" in ji Yufen.

Yaya ya gyara murya. Ya ba ta labarin tsuntsayen da rubutun ke magana a kansu, na cikin tsofaffin littattafai, kowanne da ido ɗaya da fiffike ɗaya, ba sa tashi sai sun jingina da juna. Ya faɗi daular da aka fara maganar, ya shiga saɓanin malamai. Haushi kamar in juye masa bokitin a ka.

Sai ga Pang, tsohon direban bas, da kejin tsuntsunsa a hannu.

"Yufen, gidana ya yi shiru da yawa. Zo mu ci taliya mai yaji, in ta yi miki ki zauna."

"Tsohon banza," ta ce, ta sunkuci jakarta ta bi shi.

Da kaka ta shigo, ta zo gidanmu da lemo da jar takarda.

"Malam Qiu, zan tare gidan Pang. Ka yi mana rubutun tsuntsayen nan da tawada mu rataya a ɗaki. Amma yadda Pang zai iya karantawa."

Yaya ya niƙa sandar tawada da ruwa. Na danne masa gefen takardar, ya rubuta dalla-dalla kamar don ɗan aji ɗaya, ya buga hatiminsa. Ya ba ni tausayi har na kasa kallonsa.

Yufen ta jira tawadar ta bushe, tana naɗe takardar ta ce, "Ranar nan fa na tsaya har ƙafata ta yi tsami, Malam, ina jiran ka ce da ni kake."