Bindigar Baba Ashafa

"Ajiye wayar nan, Zenabu! Ya ce kar a kira is'af tukuna."

Inna Hajo ce ta riƙe mini hannu, ni kuwa na riga na fara danna lambar motar asibiti. Mijinta, Baba Ashafa, yana kwance a gindin kabad, hannu a ƙirji, gumi ya jiƙa masa tobe, doguwar rigarsa. Kusa da shi ga tsohuwar bindigar farautar mahaifinsa, wadda ya hau kujera ya sauko da ita kafin ciwon ya kayar da shi.

Shekara tara muna katanga ɗaya a unguwar Harra ta Gabas, ban taɓa jin ƙarar bindigar nan ba, sai dai labarinta. Tun da aka fara raɗe-raɗin an ƙara kuɗin ruhsa, wato takardar izinin riƙe makami, tsohon ya hana layinmu sakat. Masu cewa gara a tsananta ko harbe-harben biki ya ragu, ya ce su matsorata ne. A cewarsa so ake bindiga ta zama ta masu hali kawai, ya kuma rantse ba zai sabunta tasa ba. Taurin kai kam, Allah ya ba shi.

"Ruhsa ta ƙare," Baba ya ce da ƙyar. "In suka gan ta... aikin Walid..."

Walid autansu ne, yana jiran a ɗauke shi aikin tsaro.

"Baba, ranka fa!"

"Fita da ita."

Na naɗe ta a zanin gado, na cusa cikin abaya. Ana fitowa daga sallar la'asar, layi cike da maza. Na laɓe a bayan ƙofa sai da suka watse, wajen minti ashirin. Sannan na kai ta gidana. Da na dawo muka kira is'af, suka zo da wuri, amma Baba ya riga ya cika.

Walid ya iso kafin magariba. Uwarsa ta ja shi kicin, ta raɗa masa cewa ya kwantar da hankalinsa, abin yana gidana.

"Esh? Wane abu, ya Ummi?"

Da ya gane, sai ya zaro wayarsa.

"Ai na jaddada masa ruhsar tun Rajab. Wallahi na sabunta. Ban faɗa ba ne, don kar ya yi mini faɗa."

Ya nuna mana takardar a wayar. Inna Hajo ba ta iya karatu ba, amma ta karɓi wayar da hannu biyu. Ta zauna a ƙasa kusa da tukunyar gas tana kallon ɗan hoton mijinta a jikin takardar, har hasken wayar ya ɗauke.