Duwatsu Uku a Wuyan Jovelyn

Rodel ne ya nuna wurin da yatsa, ƙasan wuyan matarsa, ƙanwata Jovelyn, kamar mai zaɓen nama a kasuwa.

"Nan nake so, Yaya Nimfa. Uku a jere, kowace shekarar aurenmu da dutsenta."

Na daɗe ina huda fatar mutane ina dasa musu duwatsun ado a shagona na birnin Cebu, amma ban taɓa jin hannuna ya yi nauyi ba sai ranar. Da na janye wuyan rigarta zan goge wurin da magani, sai ga shatin yatsu, wani baƙi ƙirin, wani ya fara komawa ruwan ɗorawa.

Na ce wa Rodel safar hannu ta ƙare, ya taimaka ya sayo a kantin magani. Ya sauka daga benen yana fito.

"Jovy, wannan ba ɗankunne ba ne da za ki zare in kin gaji. Gindinsa a ƙarƙashin fata yake zama, nama ya riƙe shi. Sai an tsaga ake cirewa. Bari in ce masa fatarki ba za ta ɗauka ba."

"Sai ya kai ni wurin masu yi a bakin titi, Yaya."

"To ki dawo gidana."

"Jaririyata fa? Tana hannun uwarsa." Ta sunkuyar da kai. "Na gudu wurin Mama wancan watan. Ta soya mini busasshen kifi, ta ce abin da aka ɗaura a coci ba ya kwancewa. Da kanta ta sa ni a motar komawa gidansa. Ki yi kawai. Ke dai hannunki ba zafi."

* * *

Na ɗiga alama uku da alƙalami. Na tattaro fatar, na murza ɗan ƙarfen huda, ya cire ƙwayar fata kamar ta gero. Na zura ƙarfen da zai riƙe dutsen ya kwanta ciki, na ɗaura dutsen a kai. Haka har sau uku. Ko ƙyafta ido ba ta yi ba, ita da a da allurar rigakafi ke sa ta ihu.

Rodel ya gyara mata wuyan riga yadda duwatsun kaɗai za su fito, ya ɗauki hoto.

"Wata uku kada hannu ya taɓa wuyan nan," na ce, ina kallon idonsa.

Ya yi dariya. "Yaya likita."

Bayan sun sauka na ɗauki farantin aiki zan wanke. Ƙwayoyin fatarta uku suna manne a kan audugar. Na daɗe tsaye, famfo yana zuba.