Ɗinkin Bahaguwa

Ranar da labarin ya iso, ina tsakar gida ina gurzar auduga, hantsi ya ɗaga. Sai na ji kuka ya tashi daga gidan su Mariyatu, wanda katanga ɗaya ta raba mu a nan Ƙofar Kware. Na saki ƙarfen gurza na fita, ko zane ban gyara ba.

Kwana goma sha ɗaya ke nan da aka tura maza goma daga unguwarmu su kai gero Silame a kan jakuna. Cikinsu akwai ɗana Sodangi, shi kaɗai ya rage mini, da Attahiru mijin Mariyatu. Wani masunci, Siddiƙu, shi ya kawo labari. Ya ce mahara sun faɗa musu kusa da gulbi, suka watse cikin fadama, ba a san inda kowa ya nufa ba. Bayan kwana huɗu aka tsinci gawa ɗaya a bakin ruwa, fuska ba ta ganuwa. Suka yi mata sutura a can, shi kuma ya yanko ƙyalle daga ƙirjin rigar mamacin ya shigo gari yana nunawa. Da matan unguwa suka ga jan alharini mai ratsin fari, kowa ya ce na Mariyatu ne. Zanen aurenta ne, babu mai irinsa a unguwar.

Akwai abin da ba su sani ba. Mu matan nan muna musayar ƙyalle. Ba a saye ba a sayarwa, kowa ta kwance ƙullinta, ki ba da wanda ya ishe ki ki ɗauki wanda kike so. Da shi muke haɗa wa mazanmu 'yar rigar ciki ninki biyu, mu cusa audugar rimi a tsaka, mu bi ta da ɗinki layi-layi kamar lifidi, saboda sanyin hanya da kibiya. Da damina wuta ta ci gefen zanen Mariyatu. Tana tsoron faɗan uwar mijinta, tsohuwa Dijatu, sai ta yanke wurin ta kawo mini a ɓoye. Muka raba abin da ya tsira gida biyu, na ba ta baƙin saƙi ta cike zanen. Ita ta sa rabinta a ƙirjin rigar Attahiru, ni na sa nawa a ƙirjin rigar Sodangi.

Na tarar da ita a ɗaki an zaunar da ita kan tabarma, an kwance mata kitso, da cikinta wata bakwai. Da na durƙusa in yi mata gaisuwa, ta riƙe mini hannu gam, ta sa baki a kunnena.

“Inna, sun hana ni taɓa shi. Wai mai ciki ba ta taɓa kayan gawa. Don Allah ki duba mani.”

Ba za ta iya cewa tana fatan ɗana ne ba, ni ma ba zan iya cewa ina fatan mijinta ne ba.

Ƙyallen yana hannun Dijatu. Na ce ta ba ni in gani. Laka da jini sun bushe a kansa har ya yi tauri kamar fata. Ido ba ya ganin ɗinkin, amma na bi bayansa da babban yatsa. Ni bahaguwa ce. Ɗinkina daga hagu yake tashi, zaren yakan kwanta ta ɓangaren da na kowa ba ya kwantawa, kuma a ƙarshen layi nakan yi ƙulli uku. Yatsana ya tsaya a kan ƙulli uku.

Na miƙa wa Dijatu abinta. Na koma wurin Mariyatu na ce, “Ɗiyata, laka ta ɓata shi. Ba ya ganuwa.”

Ta sake ni, ta juya fuska wajen bango.

Kwana biyu ina shiga gidan nan ina fita. Na daka musu gero, na ɗebo ruwa, na zauna cikin masu karɓar gaisuwa ana ce mini sannu da ƙoƙari. Ina gaya wa kaina ƙila sun yi musayar riga a hanya, ai abokai ne. Amma na san Attahiru ƙato ne, kafaɗarsa ɗaya ba ta shiga rigar Sodangi. Muddin ban buɗe baki ba, ɗana yana can cikin fadama yana neman hanyar gida. Haka na riƙe shi.

Mariyatu kuwa ta daina cin abinci. Ko kunu aka sa mata a baki sai ya dawo. Ranar sadakar uku da safe, ina tuyar masa a bakin murhu, na ji Dijatu ta ɗaga murya daga ɗaki.

“Ke, mi kike so? Ki kashe mani jika bayan an kashe mani ɗa? Sha!”

Na leƙa. Yarinyar tana dafe da mara, gumi yana zubo mata, leɓɓanta sun yi fari. Unguwarzomar da aka kira ta ɗaga zanen ta duba, ta ɗago ta kalli Dijatu, ta ce da ƙaramar murya, “Jini ya fara. In hankalinta bai kwanta ba, ba na jin za mu kai la'asar da cikin nan.”

Masa tana ƙonewa a tanda, ina jin ƙaurinta. Na tashi na ɗauko ƙwarya na zuba ruwa, na shiga ɗakin.

“Dijatu, ba ni ƙyallen nan.”

“Mi za ki yi da shi, Iyatu? Yanzu ne lokacin kallon ƙyalle?”

“Ba ni, na ce.”

Ta ciro shi daga haɓar zane. Na jiƙa shi na murza, ruwan ya koma ja-ja, na zubar na sake wani. Mata suka taru a bakin ƙofa. Da zaren ya fito fili, na matsa kusa da Mariyatu na riƙe mata shi a gaban ido, ba tare da ya taɓa ta ba.

“Duba da kyau. Ke kika yi wannan?”

Ta daɗe tana kallo. Ta ce, “Zarena fari ne. Wannan na shuni ne.”

“Ƙulli nawa kika gani?”

“Uku.”

“Wa ke ƙulli uku a unguwar nan?”

Ta ɗago ta dube ni. Wata daga bakin ƙofa ta yi salati. Na gaya musu maganar wuta da musayar da muka yi, ban rage komai ba. Dijatu ta dube ni ta ce, “Tun yaushe kika sani?”

“Tun ranar da aka kawo shi.”

“Kika zauna kina kallonmu.”

“Na zauna.”

Na ɗauki kwanon kunun na miƙa wa Mariyatu. Tana kuka tana sha, hannunta ɗaya riƙe da zanena. Kafin azahar aka naɗe tabarmin gidansu aka shimfiɗa a nawa. Masar da na soya, ita aka raba sadakar ɗana.

Attahiru ya dawo bayan kwana tara da rauni a cinya, masunta ne suka ɓoye shi. Ya ce ya ga lokacin da Sodangi ya koma baya zai kamo jakin da ya tsinke. Ban tambaye shi sauran ba. Cikin Mariyatu ya tsaya, ta haifi mace. Dijatu har ta rasu ba ta sake shiga gidana ba, ni ma ban ga laifinta ba. Mariyatu ba ta taɓa tayar da maganar kwana ukun nan ba, har yau takan aiko mini da ƙyalle in ta samu mai kyau.

Shi wancan ƙyallen na rigar Sodangi, na ɗinke shi a cikin haɓar zanena. In zane ya tsufa, sai in kwance shi in mai da shi kan wani. Kullum da safe in zan ɗaura, nakan bi layin da yatsa har in kai ƙulli na uku, in yi masa addu'a, sannan in hura wuta.